Yadda Toktosun Ya Zama Mergen

Kowa a Kok-Jar ya san Toktosun, har wanda bai nemi saninsa ba, domin muryarsa takan riga shi shiga gida. Maƙwabcina ne, katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma katangar ba ta yi tsawon da za ta kare mutum daga labari ba. Mahaifinsa, marigayi Sadibakas, shi ne maharbin da aka yi a kwarin nan. Ba a ma kiran sunansa, sai dai a ce Mergen. A wurinmu ba a gadon wannan suna, ba a kuma roƙonsa. Sai mutum ya sauko daga dutse da nama a bayan sirdi, duk wanda ya gamu da shi a hanya ya ce masa "shiralga", shi kuma ya yanka ya miƙa ba tare da ɓata rai ba, ko da zai isa gida da fata kawai. Wanda gari ya ci shiralgarsa, shi ake kira Mergen.

Toktosun ya gaji bindigar, ya gaji farar hular, ya gaji har tarin da tsohon yake yi da safe. Amma ga shi furfura ta cinye rabin gemunsa, babu wanda ya taɓa ɗanɗana ko hantar zomo daga hannunsa. Ɗan Mergen ake ce masa, kuma abin yana ci masa rai ƙwarai, ko da yake ba ya faɗa. Duk fitar da ya yi sai ya dawo da dalili a madadin nama. Yau iska ce ta juya, gobe rana ce ta shigar masa ido, jibi doki ne ya yi atishawa.

Duk faɗin kwarin nan abu ɗaya ne yake bin Toktosun da zuciya ɗaya, shi ne tauren matarsa Burulkan. Ciyaman muke kiransa, saboda shi yake tafiya a gaba, tumakin gari kaf suna bin sa ba tare da sun tambayi inda za a ba. Tsakanin gari da makiyaya akwai gadar katako mai lilo, kuma babu tunkiyar da take sa kofato a kanta sai ta ji ƙararrawar wuyan Ciyaman ta wuce. Shi kuwa Ciyaman ba labaran Toktosun yake so ba. Busasshen cukun da yake cika aljihu da shi yake bi.

Da kaka ta shigo sai Toktosun ya leƙo ta katanga ya ce mini ya gano bakin zaren.

"Nisa ne, Asankul. Bunsurayen dutsen zamanin nan sun waye. A zamanin babana har gaishe shi suke yi kafin ya harba. Na yanzu kuwa sai su tsaya can inda harsashi zai gaji kafin ya isa. Madubin hangen nesa zan ɗora wa bindigar nan. Gobe ka raka ni birnin Narin."

Na raka shi, don ina da sayen gishirin dabbobi. Mai kantin kayan farauta ya tarbe mu da ladabi, yana ce masa baike, wato yaya.

"Wace bindiga ce, baike?"

"Ta Mergen."

"Ina nufin wace iri ce."

"Irin wadda ba ta kuskure."

Mai kanti ya dube ni, na dubi rufi. Ya ɗauko wani ɗan madubi da bai fi tsawon cokali ba, ya ce wannan sau huɗu yake kusanto da abu, ba shi da nauyi, kuma mutum yana ganin dabba da abin da ke kewaye da ita. Ya ce galibin masu hawan dutse shi suke saye.

"Na harbin kaji ke nan," in ji Toktosun. "Wancan na sama fa?"

Wancan na sama kuwa kaurinsa kamar bututun murhu. Mai kanti ya ce sau arba'in yake kusantowa, kuma na masu gasa ne, waɗanda suke kwanciya a kan tabarma su harbi takarda, bindigarsu a kafe a kan ƙafafun ƙarfe. Ya ce a kan dutse, ko numfashi mutum ya yi sai duniya ta gudu daga idonsa.

"Sai in daina numfashin," Toktosun ya ce. "Sauko da shi."

Ya fita bakin ƙofa ya kafa a ido, ya fuskanci tsallaken titi. Ya daɗe yana lilo da shi.

"Me kake gani, baike?" na tambaye shi.

"Gashi."

"Na wa?"

"Wannan kuma ya rage ga mai gashin. Amma ɗaiɗai nake ganinsu."

Ni da nake kallo da idon da Allah Ya ba ni, na ga ƙeyar mai sayar da kankana ce. Da muka dawo gida sai dukushin goɗiyarsa ya bi wani mai mota don a biya kuɗin madubi, madubin kuma ya kwana a kan matashi. Burulkan ta zuba mana shayi, ta dubi abin, ta dubi garken da babu dukushi.

"Ya iya jan keken ciyawa?" ta ce.

"Ke tsohuwa, wannan ido ne."

"To ai kana da biyu, tsoho, ban ga abin da suka kawo gidan nan ba."

Ɗora shi a kan bindigar ya zama wani aikin. Tsohuwar bindiga ce mai sakata, kuma duk sanda aka ja sakatar sai ta doki cikin madubin. Muka kai wa Duishon mai waldar tarakta. Ya juya, ya auna, ya yanko ƙarafa biyu daga jikin wani tsohon gado, ya yi wa madubin ƙafafu. Aka ja sakata, ta doka. Ya ƙara tsawo. Ta doka. Bai daina ƙarawa ba sai da mutum zai iya zura hannunsa gaba ɗaya tsakanin madubi da hancin bindiga.

"Ka je bayan gari ka gwada a kan bokiti," Duishon ya ce, "ka ga inda harsashin yake faɗawa, a daidaita."

"Madubin da aka ba da dukushi a kansa ba ya kallon bokiti."

"To ka gwada a kan bokiti mai tsada."

Toktosun ya saɓa abarsa ya fita.

Kwanakin da suka biyo baya gari bai ji daɗinsu ba. Tunda madubin a manne yake da bindiga, duk abin da Toktosun yake son gani sai ya nuna shi da bindiga. Mata masu ɗebo ruwa suka koyi tafiya a durƙushe. Liman ya canja hanyar masallaci. Ran nan saniyar tsohuwa Kalikan ta ɓata, ya ce kada kowa ya wahal da dokinsa, ya hau rufin rumbun ciyawa ya auna tsaunin gabas. Tsohuwar tana ƙasa ta dafa sanda.

"Ka gan ta, ɗana?"

"Na ga ciyawa."

"A ina?"

"A kan dutse."

"Wane dutsen?"

"Inna, ki bar ni in yi aiki. Ga wani ƙwaro ma yana hawa."

Saniyar kuwa tana bayan rumbun da yake tsaye a kai, tana cin ciyawarsa a natse. Kalikan ta zagaya ta kama igiyarta, ta yi masa godiya, ta ce ba don ya tsayar da ita a nan ba da ba ta gan ta ba.

Aksakal Kidirma, wato dattijon garinmu, wanda ya yi farauta tare da marigayi, shi ne ya matsa masa lamba. Ya ce shi kam ya ga madubi, ya ga ƙafafun gado, saura ya ji ƙara. A tsallaken kogi akwai wani farin dutse mai girman tanti. Toktosun ya ce idan aksakal yana so, zai zaɓa masa ma gefen da za a fasa. Muka taru a tsakar gidansa, shi kuma ya kwanta rub da ciki a kan rufin rumbu. A gabansa kaɗan akwai bututun hayaƙin ɗakin girki, inda Burulkan take murza ƙullin burodi. Ta cikin madubi yana hango dutsen fes, ta saman bututun. Hancin bindiga kuwa, da yake ƙasa da tafin hannu guda, bututun yake kallo ido da ido.

Ya manna idonsa a jikin madubin, ya ja kunama.

Bututun ya tashi sama ya faɗa garken Duishon. Madubin ya dawo baya ya sare masa girar dama. Kaji suka watse. Can sai Burulkan ta fito, baƙa ƙirin tun daga ɗankwali har gwiwar hannu, riƙe da daron ƙulli da kunkunniya ta rufe. Ta ajiye daron a gindin tsani, inda dole sai ya taka zai sauko.

"Na same shi," Toktosun ya ce daga sama, jini yana bin kuncinsa.

"Dutsen ko bututun?" in ji aksakal.

"Bututun ne ya shiga tsakani. Amma ku je ku duba, dutsen ma ya ji a jikinsa."

"Daga nan dai ban ga ya faɗi ba."

Na ce masa, tsakanina da shi, madubinsa da hancin bindigarsa kowa hanyarsa daban, ya riƙa leƙa gaban hancin kafin ya ja. Ya ce in ya tashi neman shawara a kan dankali zai aiko a kira ni. A ganinsa laifin na wanda ya kafa bututu a hanyar harsashi ne, kuma a kan dutse babu ɗakin girki.

Ranar Juma'a bayan an idar da salla ya miƙe a ƙofar masallaci, da tsumma ɗaure a gira, ya ce gobe kowa ya fito hanyar gada da daro. Dattijai suka dubi juna. Maharbi ba ya shelar fitarsa, kuma shiralga rabon wanda aka yi kaciɓis da shi ce, ba a gayyato mata jama'a. Shi kuwa har rabawa ya fara tun naman yana yawo da ƙafafunsa. Cinya ta aksakal ce, haƙarƙari na liman, hanta ta Kalikan saboda ba ta da haƙora.

"Ni fa?" in ji Duishon.

"Kai ƙaho za a ba ka, ka yi masa walda."

Washegari muka hau, ni da shi, don sai da mai riƙe dawaki. Ciyaman ya haye da tumaki kamar kullum, amma maimakon ya tsaya a makiyaya sai ya biyo mu, ƙararrawa tana ƙara a duk taku. Toktosun ya kore shi, ya dawo. Ya jefe shi da dutse, ya dawo.

"Wannan zai sanar da dutsen gaba ɗaya cewa ina tafe," ya ce. Ya sauka ya kwance ƙararrawar, ya cusa ta a aljihun rigarsa, ya sake korarsa. Da muka waiwaya ba mu gan shi ba, ba mu kuma ji shi ba. Toktosun ya ce ka ga amfanin dabara.

In faɗi gaskiya, ranar an ga bunsurun dutse, babba kuwa, ƙahonsa ya lanƙwasa har gadon baya. Yana tsaye a tsaunin da ke fuskantarmu, kwazazzabo a tsakani. Ni na fara hango shi. Toktosun ya rarrafa bayan wani faffaɗan dutse, ya zazzage cukun aljihunsa a kai don kada ya tokare shi, ya ɗora bindiga. Na koma ƙasa kaɗan da linzamai a hannu.

"Yana ina?" ya ce cikin raɗa.

"Gabanka, baike. Hagu kaɗan."

"Sama nake gani."

"To yi ƙasa."

"Yanzu kuma dutse."

"Wane dutsen?"

"Kada ka fara."

Bunsurun ya ci ciyawa, ya sosa jikinsa, ya kwanta, ya tashi. Mutumin kirki ne, ya jira. Can Toktosun ya daskare.

"Na kama shi. Ga ƙahon, ga idon. Asankul, har ƙudan da ke kunnensa ina gani."

A daidai nan na ga wasu ƙananan ƙahoni biyu suna tasowa daga ɗaya gefen faffaɗan dutsen. Ciyaman ne ya zagayo ta ƙasa, shiru babu ƙararrawa, ya miƙo wuya wajen cuku, daidai bakin bindiga.

"Baike."

"Shiru."

"Baike, leƙa gaban hancin."

"Na ce shiru. Shekara nawa nake jiran wannan."

Ya ja kunama. Ƙarar ta daɗe tana yawo a kwazazzabo. Bunsurun dutse ya ɗaga kai, ya dubi wajenmu, ya ci gaba da kiwonsa. Na saki dawakai na zaro wuƙa, na yi bismillah na yanka Ciyaman kafin ya zama mushe. Da na ɗago, Toktosun yana zaune dafe da girar hagu, don wannan karon ya canja ido. Ya dubi tauren, ya dubi tsaunin, ya sake duban tauren.

"Ta ina ya shigo?" ya ce.

"Ta inda bututu ya shigo."

Daga inda muke ana hango hanyar gada, ta yi fari da darurruka. Na ji tausayinsa, ba zan ɓoye ba. Na ce mu sauka ta bayan gari, ya faɗa wa Burulkan gaskiya, ya sha faɗan mako guda a wuce wurin. Ya daɗe yana kallon darurrukan nan.

"Feɗe shi," ya ce. "In aka cire riga, duk bunsuru bunsuru ne."

"Ni ba zan ce komai ba, baike. Amma ba zan ce na ga abin da ban gani ba."

"Ba a tambaye ka ba. Kai dawaki ka riƙe."

Muka naɗe kan a cikin fata, muka ɗaure naman a bayan sirdi. Tun kafin mu isa gada ya gyara zaman hularsa, ya dogara gindin bindiga a cinya yadda madubin zai sha rana. Aksakal Kidirma ne a gaba. Ya tako a hankali ya kama linzami.

"Shiralga," ya ce.

Toktosun ya sauka ya fara kwance igiya. Tun yana yaro yake son a faɗa masa kalmar nan. Ya yanke cinya ya miƙa da hannu biyu. Aksakal ya ɗaga ta, ya juya, ya latsa da yatsa.

"Bunsurun dutse da kitse haka?"

"Kaka ce, aksakal. Ciyawa ta yi kyau a sama."

"Ƙahon fa? Duishon yana jira."

"Yaro ne, bai gama fitarwa ba."

Duishon, wanda ya riga ya leƙa ƙarƙashin naman, ya ɗago kai.

"Baike, wannan ai dandaƙaƙƙe ne. Wa ya dandaƙe shi a kan dutse?"

"Sanyi," in ji Toktosun.

Babu wanda ya yi dariya. Mutanen Kok-Jar ba sa dariya da daro a hannu kafin a cika shi. Ya sunkuya zai yanko haƙarƙarin liman, sai ƙararrawa ta yi ƙara a aljihunsa. Ba ƙara mai yawa ba ce, amma babu yaro babu babba a garin nan da bai san ta ba.

Aksakal ya share gemunsa.

"Ɗan Sadibakas, ga yadda abin yake. Idan dabbar gida ce, babu shiralga a kanta. Sai mu mayar wa mai ita namanta, mu yi muku jaje, kowa ya koma da daronsa. Idan kuwa ta dutse ce, sai mu ci, mu kira ka da sunan ubanka. Kai ka harba, kai ka sani."

Toktosun ya dubi jama'a. Can baya ya hango Burulkan tsaye, hannu a naɗe a ƙirji.

"A kan dutse na same shi," ya ce.

"To, madalla. Allah Ya ƙara sa'a, Mergen."

Daga nan aka yi layi. Shiralga, Mergen. Shiralga, Mergen. Kalikan ta karɓi hanta ta ce ta san hantar nan da zaƙi za ta yi, don mai ita cuku ya tashi da shi. Kafin a jima babu abin da ya rage sai ƙunshin fata. Sannan Burulkan ta tako. Ta kwance ƙunshin da kanta, ta shimfiɗa fatar a ƙasa. Ga shuɗin fentin da ta shafa da hannunta a gadon baya, ga kunnen da ta tsaga. Tun Ciyaman yana ɗan jariri uwarsa ta mutu, a gindin murhu ta raine shi da kwalba. Ta shafa kan, idonta ya kawo ruwa, ta share da bakin ɗankwali. Wannan karon babu wanda ya ji sha'awar dariya.

Ta miƙe ta dubi mijinta.

"Shiralga," ta ce.

"Tsohuwa, ai naman ya ƙare."

"Ban ce nama ba. Abin da ke kan bindigar. Shi ma daga dutse ya sauko."

Toktosun ya dubi aksakal. Aksakal ya ce shi dai bai taɓa jin Mergen ya hana ba. Duishon kuwa dama da sufana a aljihu yake yawo. Ya kwance madubin da ƙafafun gadonsa ya sa mata a daro, ta ɗauki fatar ta wuce gida.

Da rana ta yi sanyi sai muka ji kukan tumaki a tsallake. Garken gari ne kaf ya taru a bakin gada, ya cije. Wanda kiwon ranar ya faɗo kansa ya tura, ya yi ihu, ya ɗauki tunkiya ɗaya a kafaɗa ya haye da ita, ta kuɓuce ta koma. Aka kawo wani bunsuru aka sa a gaba, ya leƙa ruwa ya zauna. Sanyi yana saukowa, kuma kerkeci ba ya nisa da makiyayar nan. Ɗaya bayan ɗaya mutane suka juyo suna kallon aljihun Toktosun.

"Mergen," in ji aksakal, "ga gari yana jiranka."

Ya haye shi kaɗai, gira biyu a ɗaure. Ya zaro ƙararrawar, ya juya musu baya, ya kaɗa. Tumakin suka ɗaga kai, suka sunsuni ƙanshin cuku a rigarsa, suka biyo shi a jere kamar ba su taɓa sanin wani Ciyaman ba. An gwada ba wa wasu ƙararrawar daga baya, tumakin suka ƙi.

Horar da sabon taure ba aikin kaka ɗaya ba ne, don haka har yau shi yake haye da su safe da yamma. Sunan dai ya kama shi, babu mai ce masa ɗan kowa. Masu wucewa sukan ce, "Mergen, a yi a hankali, katakon tsakiya ya saki." Yakan amsa, amma ba ya ɗago kai.

Madubin kuwa yana wurin Burulkan. Da yamma takan hau rufin rumbu ta auna gada da shi, don ta san lokacin ɗora shayi. Jiya na leƙa ta katanga, na kira ta yadda muke kiran matar yaya, na ce, "Jenge, me kike gani?"

"Gashi," ta ce. "Amma ni na san na wa ne."